Daga Bakin Nilu zuwa Tafkin Dagona: Darasin Fitsarin Jini

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bade, ko a ƙauyukan da suka kewaye fadamar Nguru, ya san tsargiya tun kafin ya iya karatu. Yaro ɗan shekara goma zai tsuguna, fitsari ya fita kamar kullum, sai can a ƙarshe ɗigon jini ya biyo baya da ɗan zafi-zafi. Abokan wasansa ba sa mamaki, don su ma abin da suke gani ke nan. In ya kai kuka gida, amsar da zai samu sananniya ce: zafin rana ne, ko wani ruwa ya sha, ko kuma girma ne ya fara zuwa, zai daina da kansa. Abin da ya sa wannan amsa ta yi ƙarko shi ne, sau da yawa ana ganin kamar ta tabbata. Kafin yaron ya kai ashirin jinin ya ja baya, na wani ma ya ɗauke ɗungurungum.

Jinin ne ya ɗauke, ɓarnar tana nan kwance. Bayan shekara ashirin ko talatin, wani daga cikin yaran nan zai bayyana a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko a asibitin koyarwa na Maiduguri ko na Kano, magidanci da iyalinsa, yana fitsarin gudan jini, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ƙodarsa ta kumbura. Da shi da danginsa babu mai tuna ɗigon jinin ƙuruciya. Ƙasar da ta fara gane cewa yaron can da magidancin nan ciwonsu ɗaya ne, ta kuma sha wuya matuƙa kafin ta kamo bakin zaren, ita ce Masar.

Dagona ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa, kuma tsuntsaye ne suka kai sunansa duniya. Da sanyi ya shigo, agwagin ruwa da danginsu kan taso daga Turai su sauka a tafkinsa. Yarima Philip na Ingila ya zo ganinsu a 1989, kuma a 2008 aka sa tafkin cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Masu nazarin tsuntsaye sun daɗe suna zuwa da madubin hangen nesa suna ƙidaya. Mutanen wurin kuwa ruwan nan shi ne gonarsu da kasuwarsu: su, noman shinkafa, lambun rani, shayar da dabbobi, wanki da wanka. Wanda ya ce wa masunci ya guji ruwa, abincinsa ya ce ya guje wa. Manomin bakin Nilu ma haka yake, shi ya sa labarin Masar ya fi na kowace ƙasa kusa da mu.

Cutar ta tsufa a can. A 1910 Marc Armand Ruffer ya samu ƙwanta a ƙodar gawarwakin da aka adana tun zamanin Fir'aunoni, shekara kusan dubu uku baya. A 1851 wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar da idonsa yana fiɗar gawa a asibitin Ƙasrul Aini na Alƙahira. Sai a 1915 Robert Leiper ya warware yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa. Bayan makonni kaɗan katantanwar ta fara sakin dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani, su kuwa fatar mutum suke hudawa cikin 'yan mintoci. Ba sai an sha ruwan ba. Tsayuwa a cikinsa ta isa. Idan suka girma, namiji da mace kan zauna manne da juna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru, macen na zuba ƙwai kullum.

Ƙwan nan yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Wanda ya ratsa bangon mafitsara ya faɗa cikin fitsari, shi ne ke jawo jinin da ake gani. Wanda ya maƙale a cikin tsoka kuwa shi ne babban mai laifi. Jiki yana kewaye shi da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya taurare, wani har ya ƙanƙare ya fito fili a hoton asibiti. In tabon ya faɗa a bakin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, sai hanya ta ƙuntata, fitsari ya riƙa komawa baya, ƙoda ta buɗe ta lalace a hankali, ba tare da wani ciwon da zai kai mutum asibiti ba. Wani lissafi da aka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara mutum miliyan 70 ke fitsarin jini saboda wannan tsutsa, miliyan 10 na da kumburarriyar ƙoda, kuma kimanin 150,000 ke rasuwa duk shekara saboda ƙodar ta daina aiki.

A 1911 wani likitan binciken tsoka a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya tara bayanin mutum arba'in masu ciwon dajin mafitsara, ya nuna cewa tsargiya na tafe da shi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ba ta sa wannan tsutsa cikin tabbatattun masu haddasa sankara ba sai a 1994. Tsakanin nan, dajin mafitsara ya zama na ɗaya a jikin mazan Masar. Nau'insa ma daban ne da na Turai. Na Turai yakan kama tsofaffi, kuma taba sigari ce kan gaba wajen jawo shi. Na tsargiya, wanda likitoci ke kira sukwemos, yana tasowa ne bayan fatar cikin mafitsara ta shekara da shekaru tana shan gurza har ta rikiɗe. Yana kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma kafin a ankara ya riga ya nutsa cikin tsoka.

Darasi na farko daga Masar bai shafi asibiti ba, ya shafi madatsun ruwa. A 1937 J. Allen Scott ya buga sakamakon gwajin da ya yi a ƙauyukan ƙasar. Inda ake noma da ambaliyar Nilu ta shekara-shekara, ƙasa ta bushe ƙaƙas da rani, masu tsargiya ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Inda aka ja magudanai ruwa ya zauna shekara cur, sun kai kashi 60. Fari na kashe katantanwa, ruwan dindindin na rayar da ita. Wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru zai ji wannan magana a jikinsa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin ambaliya da janyewa ya sauya. Ruwa ya zama yana kwance a wuraren da a da suke bushewa, ciyawar kacalla ta mamaye hanyoyinsa ta toshe su. Manoma da masunta suna kuka da kacalla saboda gonaki da hanyar kwalekwale da tsuntsayen da ke ɓuya cikinta su cinye shinkafa. Ruwa mai tafiyar hawainiya, mai ciyawa, shi ne kuma gidan da katantanwa ta fi so. Ma'aikatar ruwa ce ke buɗe ƙofar madatsa, ma'aikatar lafiya ce ke karɓar abin da ya biyo baya.

Darasi na biyu mai ɗaci ne. Tun 1918, da J. B. Christopherson ya gwada shi a Khartum, maganin tsargiya shi ne allurar tata emetik, wadda ake yi a jijiya sau goma sha biyu ko fiye. Daga shekarun 1950 har farkon shekarun 1980 Masar ta yi gangamin wannan allura ƙauye-ƙauye. A jera mutane a layi, sirinjin gilashi kaɗan, babu lokacin dafa su yadda ya kamata, a cire daga hannun wannan a soka wa wancan. Niyya mai kyau ce, ma'aikatan kuma sun yi aiki tuƙuru. Abin da ba wanda ya sani a lokacin shi ne ana raba ciwon hanta nau'in C, wanda ba a ma gano ƙwayarsa ba sai a 1989. Da aka yi gwajin ƙasa baki ɗaya a 2008, kusan kashi 15 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 59 sun nuna alamar sun taɓa kamuwa, adadin da babu kamarsa a duniya. Sai da Masar ta sake wani gangamin a 2018, ta gwada mutum wajen miliyan 50, kafin ta fita daga wannan rami. Wani zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, duk aikin lafiyar da za a yi wa dubban mutane a lokaci guda yana buƙatar wani a gefe yana bin sawun waɗanda aka yi wa, shekara bayan shekara. Kuma mu da har yau ake samun mai allura a kasuwa da mai kaciya da aska ɗaya, bai kamata mu karanta wannan labari muna girgiza kai don tausayin Misirawa kaɗai ba.

Sauƙi ya zo da ƙwayar firazikwantel, wadda kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar a shekarun 1970. Sha ɗaya ake yi, gwargwadon nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo. Masar ta rungume ta a shekarun 1980, ta raba kyauta, ta cika talabijin da faɗakarwa, ta ƙara da fesa maganin katantanwa da kai famfo ƙauyuka. Mutuwar mawaƙinsu Abdulhalim Hafiz a Landan a 1977, yana ɗan shekara 47, da ciwon hantar da dangin wannan tsutsa suka jawo masa tun ƙuruciya, ta riga ta nuna wa kowa cewa abin ba na wasa ba ne. Daga kusan kashi 40 cikin ɗari a farkon shekarun 1980, masu cutar suka dawo ƙasa da kashi 3 zuwa 2006.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka gane cewa ƙwayar da yaro ya sha a ƙauye ta taɓa ɗakin tiyata. Cibiyar ciwon daji ta ƙasa da ke Alƙahira tana rubuta kowace tsokar da aka yanko aka duba. Da suka waiwayi bayanan mutum 9,843 daga 1970 zuwa 2007, sai suka ga nau'in sukwemos ya faɗo daga kashi 76 cikin ɗari zuwa 28, matsakaicin shekarun masu ciwon kuma ya tashi daga 47 zuwa 60. Dajin mafitsara bai ƙare a Masar ba, domin mazansu mashaya taba ne, nau'in taba kuma ya cike gurbi. Amma shekara goma sha uku a rayuwar magidanci ba ƙaramin abu ba ne: ya aurar da 'ya'yansa ke nan. Babu wata na'ura mai tsada da ta fito da wannan sakamako. Rajista ce da aka riƙe shekara talatin da bakwai ba a bari ta ɓata ba.

Haka ma labarin Mansura. Gari ne a tsakiyar manoman bakin Nilu, nesa da fadar gwamnati. A nan Dakta Mohamed Ghoneim ya yi dashen ƙoda na farko a Masar a 1976, a nan kuma aka buɗe cibiyar cututtukan mafitsara da ƙoda a 1983. Saboda marasa lafiyar suna bakin ƙofa, likitocin Mansura suka ƙware a cire mafitsarar da daji ya ci da ƙera wata da yankin hanji, har likitocin Turai da Amurka suka koma karanta rubutunsu. A 1997 sun buga sakamakon tiyata 1,026, a 2008 na 2,720, ana bin sawun mutanen a san ko suna raye. An kafa cibiyar inda ciwon yake, kuma aikin yau da gobe shi ne ya zama binciken.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. A shekarun 1970 masu bincike daga Liverpool da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aiki a Malumfashi, suka nuna cewa yara maza da samari ne ke zuba mafi yawan ƙwai a ruwa. Rahotannin ɗakunan binciken tsoka na Kano da Sakkwato da Maiduguri sun nuna sukwemos ne ya fi yawa cikin dajin mafitsarar da suke gani, wato muna nan inda Masar take a da. Kayan gane cutar kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Akwai ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ya sauya launi in da jinin da ido bai gani ba. Akwai tace fitsari mililita 10, wanda aka karɓa tsakanin ƙarfe goma na safe da biyun rana, lokacin da ƙwai suka fi fita. In an ƙirga 50 ko fiye a madubin likita, cutar ta yi nauyi. A Tanzaniya ma an tabbatar cewa malamin makaranta ya tambayi ɗalibai ko sun ga jini a fitsari ya isa a gane ƙauyen da ya fi buƙatar magani. Ma'aunin da duniya ke bi wajen duba mafitsara da ƙoda da na'urar sikanin kuwa, a Yamai aka tsara shi, a taron masana na Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Oktoba na 1996.

Inda gizo ke saƙar shi ne manyan maza. An gina rabon firazikwantel a kan makarantun boko, don a nan yara suke a tare, kuma kyautar da Merck ke bayarwa, har ƙwaya miliyan 250 a shekara, yara aka fi nufa da ita. A arewacin Yobe wannan tsari na barin almajiri, da ɗan Fulanin da ke bin shanu, da yaron da ke cikin kwalekwalen babansa. Yana kuma barin baban, wanda ya fi kowa daɗewa cikin ruwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara shawararta: duk garin da masu cutar suka kai kashi 10 cikin ɗari, a ba kowa magani duk shekara, daga ɗan shekara biyu har tsoho.

Gwajin babba ma yana da tarko. Yayin da mutum ke manyanta, ƙwan da ke fita a fitsarinsa na raguwa, tabon kuwa yana nan. Sai a duba fitsari a ce masa babu komai, alhali ƙodarsa na kumbura. Shi ya sa babba ke buƙatar sikanin. A jikin yara, yawancin kumburin mafitsara na bajewa cikin watanni bayan shan magani. Tsohon tabo ba ya jin ƙwaya.

Akwai kuma ɓangaren da kunya ta rufe. Ƙwan tsutsar ba ya tsayawa a mafitsara. Yana shiga furostat, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da jakar maniyyi. Alamunsa su ne jini a maniyyi, ko sauyin launinsa, ko zafi lokacin saduwa. Tun 1911 aka bayyana wannan a Masar, sannan aka yi watsi da shi kusan ƙarni guda. Da aka gwada masuntan Mangochi a bakin Tafkin Malawi a 2017 da 2018, an ga ƙwai a maniyyin kimanin ɗaya cikin goma, gwajin da ke gano ƙwayar halittar tsutsar kuma ya kama fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A wurinmu mai irin wannan alama ba asibiti yake nufa ba. Mai maganin da ke shela da lasifika ranar kasuwa yake nufa, a ce masa sanyi ne, ko a kemis a ɗora shi a kan kafso na wata da watanni. Wani gidan har zargi ya shiga tsakanin miji da mata, a kan abin da aka ɗauko wajen jan koma.

Ba za a yi maganar fitsari a ƙasar Bade a tsallake ciwon ƙodar Gashuwa ba. Shekaru da dama likitocin ƙoda na Maiduguri suna lura da cewa marasa lafiyar da ke fitowa daga wannan yanki na kogin Yobe sun yi yawa fiye da kima. Gwamnatin jiha na yin wankin ƙoda kyauta a Damaturu, kuma cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa, ta shiga aikin gano musabbabi tare da masana daga Ingila. Ana zargin ƙarafa masu guba a ruwa, da magungunan feshi, da zafi da ƙishirwa a gona, da magungunan kashe ciwo da ake sha barkatai. Irin wannan ciwo ya addabi manoman shinkafa a Siri Lanka da masu saran rake a Amurka ta Tsakiya. Ganganci ne a ɗora shi a kan tsargiya kai tsaye. Amma ƙodar da fitsari ya koma mata ta buɗe, da wadda ta tsuke ta ƙanƙance, sikanin na bambance su cikin mintoci, kuma ta farkon an san dalilinta, an san yadda ake hana ta. Tun da ana karɓar fitsarin mutane don wancan bincike, tace shi a nemi ƙwai ƙarin aiki ne kaɗan.

Sabo da cutar na da wata illa ta daban. A garin da kowa ya taɓa fitsarin jini, dattijo ɗan hamsin da ya ga jini ba tare da zafi ba zai ce tsohuwar tsargiyarsa ce ta motsa, ma'aikacin ƙaramin asibiti ma ya yarda, ya miƙa masa ƙwaya. Wanda ya haura arba'in ya ga jini a fitsari, a ba shi ƙwayar, amma a tura shi a leƙa cikin mafitsararsa da na'ura, in an ga tsiro a yanko a duba. Sakamakon kuma a rubuta shi da shekarun mutumin da sana'arsa da sunan ƙauyensu, a littafin da zai zauna a Nguru ko Gashuwa ko da likitan da ya buɗe shi ya sami canjin wurin aiki.

Rabon ƙwayar ga manya kuwa sai an bi ta hannun waɗanda masunta ke jin maganarsu: sarkin ruwa, limami, mai unguwa. Firazikwantel ba ta kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, ba ta kuma hana sake kamuwa, don haka sai an zaɓi lokaci, makonni bayan an fi shiga ruwa, a kuma maimaita duk shekara. Tana sa jiri da murɗar ciki in an sha ta da yunwa, kuma mutum biyu su yi amai a bainar jama'a ya isa a watse a bar ma'aikata da kwalinsu. Saboda haka a sanar tun da dare kowa ya karya kumallo, kada kuma a sa ranar cikin azumi. Tambayar da ba ta rasa tasowa a irin wannan taro ita ce ko ƙwayar na hana haihuwa. Mai rabon ya zo da amsarsa a shirye, ya faɗe ta a gaban dattawa: ƙwayar ba ta hana haihuwa, tsutsar da take kashewa ita ce ke zuba ƙwai a hanyar maniyyi.